Tukunya a Cikin Bargo

Tun da kamfanin kwali ya rage wa su Baban yara kwanakin aiki, yau a je gobe a zauna a gida, ni kaɗai na san yadda nake yi tukunya take hawa wuta. Ban kai wa kowa kuka ba, kuma ba don na rasa wurin kaiwa ba ne. Yayana yana da shagon kayan abinci, irin wanda buhuna suke taɓo rufi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, shi ne kuma ranar da na ce ma'aikacin kamfani nake so ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To, Allah ya sanya alheri. Hanyar shagona dai kin san ta, za ki zo da kwano.” Ba da wasa ya faɗa ba. Tun ranar na ƙudure a raina cewa ko ruwa da gishiri za mu sha, Yaya ba zai ga kwanon nan ba, mijina kuma ba zai taɓa tsayawa gabansa yana godiyar abinci ba.

Saboda haka na zama mai dabara ƙarfi da yaji. Da safe ina shagon wanki da guga, a tsaye har azahar. Kasuwa kuwa sai ta kusa tashi nake shiga, lokacin da mai tumatir ya gaji da ciniki yana neman wanda zai kwashe masa masu laushin nan da matan masu hali suka tsince suka ture gefe. Mahauci da ya hango ni yake turo min ƙasusuwan da ya gama kankare wa tsoka. Mai kaji yana tara min wuya da ƙafafu. In na dawo sai in haɗa su a babbar tukunya da gindin albasa da bawon karas da ganyen kabejin waje, duk abin da na tara a leda cikin mako, in dafa har ƙashin ya ba da abin da yake ɓoyewa. Romon nan nake rabawa a tsofaffin robobin bota in jera a firiza. Roba ɗaya, girkin yini ɗaya. Man da aka yi suya da shi ina tace shi da tsumma mai tsabta in juye a kwalba. Burodin da ya bushe ina daka shi in cuɗa da ƙwai ɗaya, ya kumbura ya yi kamar uku.

Sai kuma bargo. Shinkafa in ta tafasa ruwan ya fara janyewa, kashe gas nake yi, in sauke tukunyar in nannaɗe ta cikin wani tsohon bargo mai ruwan ƙasa da ƙuna a gefe ɗaya, in tura ta ƙarƙashin tebur. Zafin jikinta ne zai ƙarasa ta. Bargon na Innarmu ne, kuma haka take yi da shi shekarar da Baba ya kwanta ciwo abubuwa suka tsaya mana. Da wannan dabarar tukunyar gas ɗaya take kai ni inda biyu ba sa kai maƙwabciyata.

In matar Yaya ta ce za ta leƙo mu, bargon yakan koma kan gado ya zama bargo. In fasa ƙwai ba lissafi, in soya albasa har ƙamshi ya sauka matakala. Ta ci ta tafi tana yabon hannuna. Mu kuma mu biya wannan ziyarar da wake safe da yamma har sai rami ya cike.

Ana cikin haka aka kawo mana Auta, ƙanwar Baban yara, wai za ta zauna wurinmu ta yi kwas ɗin kwamfuta. Ban ƙi ba. Mu huɗu ne har da yaranmu biyu, muka zama biyar, na ƙara wa miya ruwa. Yarinyar ba ta da mugunta, wannan ko a gaban alƙali zan shaide ta, amma waya ta cinye mata kai. Ko shayi aka zuba mata sai wayar ta fara gani kafin ita ta kurɓa.

Ranar da ta fara ganin ina nannaɗe tukunya, dariya ta yi har da riƙe ƙofa.

“Anti, me ya sami tukunyar? Sanyi take ji?”

“Zazzaɓi ne ya kama ta,” na ce. “Matsa min in wuce.”

Da aka buɗe ta ga shinkafa ta dahu warwar, sai idonta ya yi wani ƙyalli da ban so ba. “Wallahi Anti, mutane suna son irin wannan. Girkin tattali, shi ake yayi yanzu. Ki bari in ɗauka, hannunki kawai.”

Yayi. Abin da nake ɓoyewa kamar ciwon da ba a faɗa, shi ne wai yayi. Na ajiye ludayi na dube ta sosai. “Ki ɗauki duk abin da kika ga dama a duniyar nan, ban da kicin ɗina. Kin ji ni?”

“Na ji, Anti.”

Ta ji ɗin, irin jin da ake yi ana danna waya.

Bai fi mako ba na dawo daga guga, bayana kamar zai rabe. Tun daga ƙasan matakala na ji ƙamshin suya, irin suyar da ake yi mai yana iyo, kuma hancina ya gaya min daga gidana yake fitowa. Na haura da gudu na tura ƙofar kicin, sai na tsaya. Wurin yana ta sheƙi. An wanke bango, an goge murhu, an kafa wata fitila mai zobe da ta aro wurin ƙawarta. A kan tebur ga faranti uku na soyayyen dankali da ƙwai, an yi musu ado da yankan tumatir. Sabuwar kwalbar man da na sayo don ta kai mu wata ta koma ƙasa da rabi.

“Me ya sa uku?” Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan.

“Na farkon bai yi kyau a hoto ba, na biyun kuma hannuna ya kare. Amma duk za a ci, Anti, ba asara.”

Na wuce na buɗe firiza. Fayau. An goge ta har tana ɗaukar ido, babu komai a ciki sai ƙanƙara.

“Ina robobina?”

“Au, waɗannan? Na zubar. Wani ruwa ne mai maiƙo ya daskare a ciki, ga wata leda cike da bawo da gindin albasa. Na ɗauka kin manta da su ne. Kin ga sai na buɗe firiji a bidiyon, ba zai yi kyau ba.”

“Kwalbar da ke bayan murhu fa?”

“Mai baƙin man nan? Ai ya lalace.”

“Burodin?”

“Anti, ya bushe fa ƙamas.”

Ban san lokacin da na sauka matakalar ba. Na isa wurin shara ba ko takalmi, na ɗaga murfin babban bokitin unguwa. Motar kwasar shara ta riga ni, sai ruwan ƙasa da wari. Na tsaya riƙe da murfin, mace da 'ya'ya biyu, ina leƙen shara da rana tsaka, maƙwabciyata tana shanya tana kallona. Na gaishe ta ta gaishe ni, kowa ya yi kamar bai ga komai ba.

Da na koma sama zuciya ta kawo min iya wuya. Na ce ta kunna min abin da ta ɗauka. Ga ta nan da farar rigar girki tana murmushi, tana gaya wa duniya yadda za a ciyar da iyali da abin da bai taka kara ya karya ba, mai yana ta tafasa a bayanta.

“Girkin tattali kike koya wa mutane?” na ce. “Ke? Kin san abin da kika zubar? Abincin gidan nan ne har ƙarshen wata. Ruwan maiƙon nan shi kike sha kullum kina cewa miyar Anti ta yi daɗi. Baƙin man nan da shi na soya miki ƙwai jiya, kika suɗe faranti. Kin kwashe tattalin kin kai shara, kin zo kin tsaya a gurbinsa kina koyar da shi.”

Ta yi tsuru-tsuru, fitilar aro tana haska mata fuska. Na fizge wayar fitilar daga bango, don ita ma wuta take ci.

Baban yara ya dawo da yamma, a ƙafa kamar kullum don ya rage kuɗin mota. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce abin da maza suke faɗa.

“Yarinya ce, ki yi haƙuri. Ba ta sani ba.”

“Kai ka sani?”

Bai sani ba, kuma ni na hana shi sani, amma a lokacin ban da niyyar yi masa adalci. Shekara da shekaru yana zaton miya da kanta take yin ɗanɗano. Can ya sauke murya ya ce, “Zan ga abin da zan iya. Amma ba dai wurin Yaya ba.”

“Wa ya kira maka sunan Yaya?”

A nan muka bar ta. A kan wannan dai bakinmu ɗaya.

Albashi da sauran tafiya. Abin da ya rage a kabad bai wuce 'yar shinkafa a gindin buhu ba, da wake, da gishiri, da albasa 'yan ƙwaya, da man da ya tsira daga hannun Auta. Faranti ukun nan na raba su har washegari, yara suna murna sun zaci biki ne. Daga nan aka shiga shinkafa da miyar da ba ta da uwa ba ta da uba. Babban ɗana, wanda muke kira Sarkin Ci, ya kai cokali baki ya ɗago ya ce, “Mama, yau kin manta wani abu.” Na ce ya ci ya rufe min baki, ya ci ɗin, abin ya tsaya min a rai har dare.

Auta ta daina dariya a gidan. Ni kuma ban bar ta ta huce ba, don ni ban huce ba. Duk lokacin girki sai in kira ta. “Tunda koyarwa kike so, zo ki fara koyo. Tsaya nan.” Ta tsaya jikin bango hannu a baya. Ina aiki ina faɗa. Na nuna mata gwangwanin madarar da nake awo da shi, wanda ya lotse a gefe, na ce ba a cika shi, lotsewar nan ita ce iyaka. Na nuna mata yadda ake jiƙa wake tun dare don kada ya cinye gas, da yadda ake yanka albasa siriri har rabi ya yi aikin guda, da yadda ake ɗauraye tukunyar miya da ɗan ruwa a juye a shinkafa maimakon a rariya. Rannan abin ya ciyo ni, na wangale kabad gaba ɗaya.

“Duba nan. A'a, ɗago kai ki duba. Abin da zai kai mutum biyar ƙarshen wata ke nan. Ki gaya min ta ina zan fara yi masa ado da tumatir.”

Na sauke tukunya na nannaɗe ta a bargo ina ta sababi. Wayarta tana jingine da gwangwanin gishiri a kan kanta, na gan ta sarai, na ɗauka caji take yi.

Bayan kwana biyu ta same ni ina tsince wake, fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun ranar shara.

“Anti, don Allah kar ki yi faɗa, ki fara gani tukuna.”

Ta miƙo min wayar. Hannuwana na gani, da ƙunar guga a wuyan hannu. Gwangwanina. Kabad ɗina a wangale, duk duniya tana leƙa cikinsa. Muryata tana cewa mutum biyar, ƙarshen wata. Sai bargon Inna ya cika hoton. A ƙasa ta rubuta cewa wannan antinta ce, jaruma, ita ce ta san tattali na gaskiya. Mutane sun yi ta rubutu, masu yabo, masu addu'a, masu tambayar ina za a aiko da taimako. Wata ma ta ce ta gwada bargon ya yi mata aiki.

“Kin ga ni na ɓata,” in ji Auta, “shi ne na ce bari in nuna musu wadda ta iya da gaske. Fuskarki ba ta fito ba, na kula sosai.”

“Muryata fa? A aljihu na bar ta?”

“Anti...”

“Goge shi. Yanzu, ina kallo.”

Ta goge. Amma ko ni da ban damu da waya ba na san abin da ya shiga hannun mutane ya shiga ke nan. Na koma kan wakena ina tsincewa, ban ma san me nake zubarwa me nake bari ba.

Washegari babu aiki a kamfani, Baban yara yana gida da singileti yana gyara wa ƙaramar 'yarmu takalmin makaranta. Wajen la'asar muka ji taku mai nauyi a matakala, ana hawa ana nishi, ƙofofin maƙwabta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe tamu. Yaya ne, da buhun shinkafa a kafaɗa. Mutumin da yake da ma'aikata cike da shago, wanda rabonsa da ɗaukar kaya tun kafin ya ajiye tumbi, shi ya hauro da shi da kansa. Ya dire shi a tsakiyar falo, ya juya ya sauka, ya dawo da jarkar mai da kwalin taliya. Bai zauna ba, bai karɓi ruwan da Auta ta kawo ba.

“Yaya, sannu da zuwa. Lafiya?”

“Ke za ki gaya min.” Ya share gumi da hularsa. “Matata ce ta miƙo min waya a shago, wai in ga wata mata mai dabara. Tana dariya, ba ta gane ki ba. Ni ko muryar ban ji ba, hayaniya ta yi yawa. Bargon na gani.”

Ya dubi wajen kicin ya ci gaba.

“Ƙunar da ke gefensa ni na yi ta, na jawo shi kusa da wuta Inna ta zane ni. Kin zaci na manta halin da gida yake ciki in tukunya ta shiga bargon nan? Ni ake sawa in zauna in tsare ta don kada ki buɗe kafin ta dahu. Da ni da mutanen da ko sunanki ba su sani ba, rana ɗaya muka ji.”

Da faɗa kawai ya yi da ya fi min sauƙi. Idonsa ya yi ja, ni kuma na ji haushin jan idon, don bai goge maganar da ya faɗa min ba.

“Ban dai zo da kwano ba, Yaya.”

“Ba ki zo ba. Kin gwammace 'ya'yanki su sha ruwan ƙashi.”

“Da ruwan ƙashin aka rene ka.”

Sai ya juya inda na san zai juya. Baban yara yana tsaye bakin ƙofar ɗaki, takalmin yarinya a hannu ɗaya, allura a ɗayan.

“Kai kuma kana zaune kana kallo.”

A raina ina roƙon Allah ya sa ya ce a kwashe kayan. Da na taya shi ɗauka, wallahi da na sauke buhun nan a kaina har ƙasa. Ya dubi Yaya, ya dube ni, sannan ya dubi Sarkin Ci, wanda ya riga ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan buhun yana shafawa. Na ga lokacin da kafaɗunsa suka sauka. Ya ɗan rusuna.

“Mun gode, Yaya. Allah ya ƙara buɗi.”

“In ya ƙare a aiko,” in ji Yaya, ya saka hularsa ya fita.

Kalmomin nan ne na yi shekaru ina tafasa ƙashi don kada a faɗe su. Na leƙa shara saboda su, na yi wa matar Yaya suyar ƙarya saboda su, ga su an faɗe su a falona, a gaban 'ya'yana, ƙofa a buɗe. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san wa zan fara ba shi ba, Yaya da ya hauro da buhu, ko mijina da ya rusuna, ko ni da na wangale kabad ina sababi.

Na tarar da Auta a kicin tana kuka a hankali.

“Anti, gyara na so in yi.”

“Kin gyara. Miƙo min wuƙa.”

Na so in bar buhun nan a inda aka dire shi har ƙwari su cinye, amma yara sun gani, kuma miyar jiya ruwa ce. Na warware bakinsa, na naɗe zaren a yatsa na ajiye, don zare ma yana da rana. Na auna da gwangwanina, iya lotsewar, ban ƙara ƙwaya ba. Da ruwa ya fara janyewa na kashe wuta. Auta ta dubi bargon ta dube ni, ba ta san ko ta taɓa shi ba.

“Kawo,” na ce. “Yaya bai kawo gas ba.”

Aka zuba abinci. Sarkin Ci ya cinye ya miƙo faranti, ya ce wannan shinkafar ta fi tamu daɗi. Ƙaramar ma ta ce a ƙara mata. Na ajiye wa Baban yara nasa a gabansa, ya dube shi, ya ture shi gefe a hankali.

“Ku ci, na ƙoshi. Na ci a wurin aiki.”

Ya zura riga ya saka takalmi ya fita. Ko ƙaramar ta san yau ba a je aiki ba.

Na tashi neman robar da zan juye nasa, har na buɗe kabad sannan na tuna ko ɗaya ba ta rage ba. Na kife wani faranti a kai, na nannaɗe shi cikin bargon Inna, na tura ƙarƙashin tebur. Har bargon ya huce bai dawo ba.